Rabin Ƙwayar Malam

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya saukar da cuta ya saukar da maganinta, sannan ya bar mu da wahalar haɗa su.

Sunana Talatu. A Kongo-Rasha nake zaune, nan cikin Jos, a gidan da aka kawo ni ina amarya. Ban yi boko da ƙuruciya ba. Sai da na aurar da 'ya'ya biyu sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina zama benci ɗaya da sa'o'in 'yata. Saboda haka wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri, maganar dai a miƙe take. Malamar ajinmu ce ta matsa mini in rubuta jinyar maigidana, wai mata za su amfana. Na ce mata na gaji. Ta ce in rubuta da gajiyar. To ga shi.

Malam, mijina ke nan, tela ne a kasuwar Katako da ke Laranto. Ba manyan riguna yake ɗinkawa ba, gyaran gwanjo yake yi. A kawo masa kwat ɗin da aka ɗinka wa wani ƙaton Bature, ya farke ya rage, ta zauna daidai a jikin ɗan makaranta. Sanyin Jos ne ke ciyar da mu. A bayan rumfarsa akwai ta wani kafinta mai suna Pam. Tun suna yara suke tare, iyayensu maza a rami ɗaya suka yi aikin kuza. Pam Birom ne, Kirista. Da gari ya rikice mutane suka rarrabu, ya kwashe iyalinsa daga unguwarmu, amma bai bar rumfarsa ba, kuma ba su bar al'adarsu ba. Kullum da hantsi ɗayansu zai fito da goro ɗaya, ya tsaga shi biyu, ya miƙa wa ɗan'uwansa rabi. Ban taɓa ganin Malam ya cinye goro guda shi kaɗai ba. Ku riƙe wannan, don a kansa komai ya tafi.

Ciwon ya faro ne da saran kai a ƙeya, musamman in ya tashi sallar asuba. Muka ce sanyi ne. Ya sha maganin ciwon kai na kemis har ya gaji. Daga nan ido ya fara yi masa hazo-hazo, mutumin da ke zura zare a allura yana hira ya koma yana lalube. Sai ƙafa ta fara kumbura da yamma, takalmin da ya fita da shi da safe ya ƙi shiga in zai dawo. Ɗan hawan nan na bakin layinmu, sai ya tsaya ya huta kafin ya ƙarasa gida.

Yayarsa, Yaya Asabe, ta zo daga Bukuru da ƙunshe-ƙunshenta. Ranar farko ta ce basir ne ya hau masa kai. Da ta dawo ta ce shawara ce. A zuwa na uku ta ja ni ɗaki ta rage murya ta ce 'yan kasuwa ne suka yi masa jifa. Mun jiƙa saiwa, mun dafa ganye, ya haɗiyi tafarnuwa har rigarsa na warinta. Ba na raina ƙoƙarinta, ƙaninta ne. Amma ranar da na ga yana haki a zaune, ko keken ɗinki bai taka ba, na ce mata gobe asibiti za mu.

"Ke dai tun da kika shiga makarantar nan kin fi kowa sani," in ji ta.

Na ce, "Yaya, ban fi kowa sani ba. Na fi kowa kwana kusa da shi ne."

Wanda bai taɓa bin layin babban asibiti ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Ka fito ana idar da sallah, ka tarar wasu sun riga ka. Layin kati daban, layin awo daban, layin ganin likita daban, kowanne da bencinsa mai sanyi kamar an zuba masa ruwa. Rana ta take kafin a kira mu. Aka ɗaura masa abin awo a dantse, ma'aikaciyar ta kalli abin, ta kalle shi, ta sake ɗaurawa. Ta ce, "Baba, da ƙafarka ka zo?" Hawan jini ne, ya daɗe yana cinsa. Aka rubuta magani aka ce na kullum ne, har iyakar rai. Da muka je saya muka gane cewa kullum ɗin nan ba ta masu gyaran gwanjo ba ce. Mu sayi na 'yan kwanaki, ya ƙare, mu jira kasuwa ta yi kyau. Haka muka yi ta yi, sha yau, fashi gobe.

A komawarmu ta uku ko ta huɗu ne wata Sista ta zo kan benci ta kira shi, ta ce ana son ganinsa a wani ɗaki can ƙarshen baranda. Na tashi zan bi su. Ta ɗaga mini hannu, cikin ladabi dai, ta ce, "Mama, ki ɗan jira a waje. Da mai ciwon za mu yi magana."

Na jira. Ya daɗe a ciki. Ya fito yana murmushi, da kwalbar magani a aljihu.

"Talatu, Allah ya dube mu. Bincike suke yi, suna son su gano wane haɗin magani ya fi kwantar da jinin mutanenmu. Wanda ya shiga, magani kyauta, awo kyauta, kuma babu layi."

"Me suka ce ka yi, me suka ce kar ka yi?"

"Sun faɗi abubuwa da yawa."

Iyakar abin da na samu ke nan. Kar wani ya ce na ce sun yaudare shi. Ba su yaudare shi ba. Da Hausa suka yi masa bayani, suka tambaye shi ko ya yarda, ya sa hannu da ajaminsa. Abin da nake cewa shi ne, ni da ke dafa abin da zai ci, ni da ke jin numfashinsa in ya canza, a benci aka bar ni kamar wadda ta rako shi tasha.

Likitar da ke duba waɗanda suka shiga binciken yarinya ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba, 'yar siririya, kullum da suwaita a ƙarƙashin farar riga. Dokta kawai muke ce mata. Tana da kirki, wannan ba zan ɓoye ba. Ka'idarsu ita ce duk wata ka dawo da kwalbarka a gani ko ka sha. Ta Malam kullum fayau take dawowa. Dokta har tafa masa take yi. "Baba, kai ne na ɗaya a ajin nan." Ya dawo gida yana ba ni labari kamar yaron da aka ba kyautar littafi.

A kasuwa yake ajiye kwalbar. Ya ce can yake karyawa da koko da ƙosai, can ya fi dacewa ya sha. Na karanta abin da aka rubuta a jikinta da kaina, ɗaya da safe, na ga babu laifi.

Amma jinin ya ƙi sauka yadda suke so. Ya ɗan sassauta, sai ya tsaya. Sai aka fara aiko mini da saƙo ta bakinsa. Likita ta ce ki rage gishiri. Na rage. Likita ta ce ban da magi. Na daina. Likita ta ce man ja ya yi yawa. Na koma girki tukunya biyu, tasa da tamu, tasa salam kamar ruwan wanke kwano, yana ci yana ɓata fuska, ni ina harararsa. Duk wata da ya dawo ya ce jinin bai sauka ba, sai in ji kamar ni aka kama da laifi. Watanni ina zargin ludayina.

Da suka ga haka suka ƙara masa ƙarfin maganin. Wata ya zagayo, suka haɗa masa da wata ƙwaya mai sa fitsari. Daga baya suka mai da ɗayar ta zama biyu. Kwalba tana dawowa fayau, jini yana nan inda yake.

Bayan damina aka yi wa Pam rasuwa a ƙauyensu. Ya tafi jana'iza, ya zarce da girbin acca, ya yi makonni bai dawo ba. A lokacin ne Malam ya fara wani sabon abu. In ya ɗago daga ruku'u sai ya ga duhu. Bakinsa ya bushe, ƙafafunsa suna ɗaurewa, fitsari ba ya barinsa ya zauna. Na ce mu koma asibiti, ya ce ranarsu ba ta zo ba, ba ya son ya dame su. Ya sami ɗan gudawa kwana biyu, bai fasa fita ba. Wata Laraba da rana sai ga tasi a ƙofar gida, 'yan kasuwa biyu suna riƙe da shi a baya. Ya miƙe ne zai miƙa wa wani wando, ya yanke jiki ya faɗi a kan keken ɗinkin, goshinsa ya tsage.

Mun wuni a ɗakin gaggawa kafin gado ya samu. Suka ce jinin da ke sama kullum yau ya faɗo ƙasa warwas. Suka tsayar da duk maganin, suka sa masa ruwa. Na shimfiɗa tabarmata a baranda tare da sauran matan jinya, muna aron murhu, muna aron bokiti, kowace da warin ɗakin majinyacinta a zani. Dokta tana zuwa safe da yamma, ko da ba ranar aikinta ba ce. Ta ce mini, "Mama, ba maganin ba ne. Watanni yana shan wannan adadin, jikinsa ya saba da shi. Akwai wani abu daban, shi muke nema." Aka ɗebi jini, aka sake ɗiba. Aka yi hoton ƙirji. Aka manna masa wayoyi a ƙirji. Kuɗin wasu awon masu binciken suka biya, na wasu mu muka biya, akuyata ta tafi a nan. Ba a ga komai ba.

Bayan 'yan kwanaki ya fara zama, ya fara cin abinci, jinin kuma ya sake hawa tunda babu magani. Dokta ta ce gobe da safe za su mai da shi kan maganinsa, daidai yadda yake sha kafin ya faɗi.

Da la'asar ɗin ranar, lokacin 'yan dubiya, sai ga Pam da ledar acca da dankali. Ko gida bai sauka ba, daga tasha ya wuto. Tun daga bakin ƙofa ya ɗaga murya.

"Tela! Na bar ka kwana kaɗan, ka zo ka kwanta kamar mai jego?"

Malam ya yi dariyar da rabona da ji tun kafin ya faɗi. Ya ce, "Kafinta, aunawa ka zo yi? Mu ba a sa mu a akwati. Ka yi asarar kuɗin mota."

Pam ya zauna a bakin gado, ya ciro goro ya tsaga, Malam ya karɓi rabinsa ya riƙe, don an hana shi ci. Na tambayi Pam mutanen gida, na yi masa gaisuwar rashi. Ya dafe ƙeyarsa ya ce, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji, "Madam, ni ma ban ji daɗi ba a can. Kaina yana sara kullum. Ka san babu rabin nan na safe."

Na ce, "Wane rabi?"

Malam ya kama tarin da babu shi. Pam ya kalli Malam, ya kalle ni, ya sa hannu ya rufe bakinsa kamar yaro.

"Oga Pam, wane rabi?"

Malam ne ya amsa, idonsa na kan silin. Ashe tun farkon binciken Pam ma yana fama da irin ciwon kan nan. Ya je kemis an auna shi, an ce nasa ma ya hau. Malam ya kai shi wurin Sista, ta ce sun cika, ba sa ɗaukar sababbi. Sai washegari da hantsi Malam ya ɗauko rezarsa ta farke ɗinki, ya ɗora ƙwayar a kan teburin keke, ya raba ta biyu. Da aka ƙara ƙarfinta, suka raba mai ƙarfin. Da aka kawo ta fitsari, ita ma suka raba. Da ɗaya ta zama biyu, har daɗi suka ji, an hutar da reza, kowa ya ɗauki guda. Duk abin da likita ta ƙara, rabi ne ke shiga jikinsa. Ranar da Pam ya tafi ƙauye babu wanda zai miƙa wa, sai ya riƙa haɗiye duka, abin da jikinsa bai taɓa gani ba.

Na ce, "Malam, magani ne fa. Ba goro ba ne."

Ya juyo ya kalle ni. "Ya za a yi in haɗiya yana kallona? Ƙeyarsa na sara kamar tawa."

Na tuna tukunyata ta biyu, na tuna watannin da na yi ina zargin kaina, na ji kamar in kwaɗa wa su biyun ledar dankalin. Amma ba wannan ne a gabana ba. Gobe da safe za a kawo masa cikakken abin da ya kayar da shi.

Na gyara mayafina. Malam ya kama bakin zanina.

"Talatu, kar ki faɗa. Cire ni za su yi. In sun cire ni da me za mu saya? Kuma za su ce Pam ɓarawo ne."

"Gobe za su ɗura maka abin da ya fasa maka goshi."

"Sai in ɓoye rabi a kunci in tofar."

"Kai kana ragewa, su suna ƙarawa, babu wanda ya san abin da ɗayan ke yi. A ina za ku haɗu in ba a maƙabarta ba?"

Yaya Asabe tana kan tabarma a gefe, ta ji komai. Ta ce, "Talatu, ki zauna. Mijinki ya roƙe ki. Asirinsa za ki kai wa yarinyar da ba ta wuce 'yar cikinki ba?"

Na ce, "Yaya, in ya tashi ya sake ni. Ina son ya tashi ɗin."

Na kai ƙofa ke nan sai Pam ya kira ni. Ya ce, "Madam, ka faɗa musu sunana. Ni na sha."

Na sami Dokta a ɗakin nan na ƙarshen baranda tana haɗa jakarta. Sista ta tare ni. "Mama, ki ɗan jira a waje." Na ce mata na gama jira a waje, na wuce. Na faɗa wa Dokta komai a tsaye, ban ƙawata ba. Ta zauna. Ta cire tabarau ta ajiye. Sai ta buga tebur.

"Na faɗa masa! Da bakina na faɗa masa kar ya ba kowa!"

"Kin faɗa masa kar ya bayar. Kin tambaye shi ko akwai wanda ba zai iya hanawa ba?"

Ta ɗago ido jajir. "Mama, ke da kike gida ɗaya da shi ba ki sani ba. Ni da nake ganinsa sau ɗaya a wata zan sani?"

Ta yi gaskiya, kuma ta shige ni. Na ce, "Ban sani ba. Amma da kun bar ni na shigo ɗakin nan ranar farko na ji da kunnena, da kwalbar a hannuna za ta zauna, ba a rumfa ba."

Sannan ta ɗauki biro ta fita zuwa ɗakin marasa lafiya ta soke abin da ta rubuta na gobe.

Da ɗan ƙaramin magani aka sake faro masa, kuma jinin ya kwanta yadda bai taɓa kwantawa ba. Ranar sallama Dokta ta ja ni gefe ta faɗa mini maganar da har yau take kunnena. "Mama, ƙodarsa ta gaji. Ba ta mutu ba, ta gaji." Ta ce watannin da jinin ya yi a sama sun ci rabonsu, faɗuwar nan ma ta ci nata.

Kuma abin da Malam ya ji tsoro ya faru. An cire shi. Dokta ta ce ta yi magana da manyanta, sun ce ka'ida ce, awonsa na baya duk ya lalace. Muka koma bencin sanyi, muka koma saye. Na sayar da kwanukan aurena, na shiga wankau. Wani watan mu cika, wani watan mu yi giɓi. Malam ya yi makonni ba ya yi mini magana sai ta dole. In na ajiye abinci ya ce an gode, kamar baƙo. Dokta dai ba ta yar da mu ba. Takan leƙo layin ta karɓi katinsa da kanta. Ta sa aka kawo Pam, ta auna shi, ta rubuta masa nasa, ba ta kira shi ɓarawo ba.

Wata Asabar sai ga ta a gidanmu, ɗan acaɓa ya sha wahalar nemo layin. Ta zauna a tabarma ta sha kunu. Ta ce, "Mama, tambaya na zo yi. Baba ne kaɗai ke raba maganinsa da wani?"

Na yi dariya har da hawaye. Na ce ta zo ta zauna a bencin da suke ajiye mu, wuni ɗaya kawai. Akwai mai kai wa uwarta. Akwai mai tarawa saboda ranar da binciken zai ƙare. Akwai wanda in ya ji sauƙi sai ya aika da sauran ƙauye. Kwalba kuwa kowa ya san a wofi ake son ganinta. Na ce, "Amma ko suna ɗaya ba za ki ji a bakina ba. Na riga na jawo wa mutum ɗaya."

Daga nan ne suka fara kiranmu zama, mu 'yan kaɗan, masu ciwon da masu jinya, sau ɗaya a wata. Zaman farko Turanci suka yi ta yi a kanmu, muna shan shayi. Na ce in shayi aka kira mu sha, akwai a gida. Suka koma Hausa, masu iyawa suna fassara wa marasa iyawa. Abin da muka samu, mun samu: yanzu mai jinya yana shiga ɗaki tare da majinyaci in majinyacin ya yarda. Suna tambayar kowa ko akwai mai irin ciwonsa a gida ko a wurin sana'a, a kawo shi a auna shi kyauta. Sun daina tafa wa kwalba. Wanda ya faɗi gaskiya ba a korarsa nan take, zama ake yi da shi. Abin da ba mu samu ba, ba mu samu ba: magani ga waɗannan 'yan'uwan, sun ce babu shi a tsarin. Kuma duk zama sai na tambaya ko za a mai da Malam. Duk zama sai a ce ana dubawa.

Ana dubawa har ƙafarsa ta sake kumbura, wannan karon har cinya. Sai amai da safe, sai shaƙuwa mai wuni, sai ƙaiƙayin da ke sa ya yi wa jikinsa jini. Aka ambaci wankin ƙoda, muka ji yadda abin yake da kuɗin da yake ci, muka kalli juna, ba mu sake tayar da maganar ba. Pam yana zuwa duk Juma'a bayan an sauko, duk da mutanensa suna ce masa ya daina shiga unguwarmu. Wata rana ina shafa wa Malam mai a ƙafa ya ce, "Talatu, da kin yi shiru ranar nan, da tuni an manta da ni."

Na ce, "Da na yi shiru, da har yanzu kana da maganin kyauta."

Ya ce, "Da maganin na nan, mai sha babu."

Wannan ce kaɗai yafiyar da na samu, kuma ta ishe ni. Ya ƙara fiye da shekara bayan faɗuwarsa, ya ga jikansa na fari. Ya rasu wata safiya ta sanyi, a ɗakinsa, kansa a cinyata. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi.

Bayan na fita takaba aka kawo mini katin gayyata. An gama binciken, za a yi taro a wani otal a Rayfield. Na ce sai da Pam zan je. Muka shiga unguwar da ko ƙarar babur ba ka ji, motoci a jere kamar an wanke su da madara. Aka zaunar da mu can baya. Aka gode wa waɗanda suka ba da kuɗi, aka gode wa manyan malamai ɗaya bayan ɗaya da sunayensu da muƙamansu. Sai Dokta ta hau. Ta ce akwai gyaran da ya ceci aikin gaba ɗaya, kuma ba daga littafi ya fito ba, daga matar wani majinyaci ya fito. Ta kira sunana. Aka miƙa mini takardar yabo a cikin gilashi. Na tsaya na karanta ta da kaina a gabansu, a hankali, ban bari an karanta mini ba. An rubuta abokiyar aiki. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba.

Suka ba ni abin magana. Na ce, "Na gode. Amma ni faɗa kawai na yi. Wanda aka yi karatun nan da jikinsa yana ƙasa, kuma cire shi kuka yi. Kun kira sunan kowa a nan. Ku kira nasa."

Dokta ta matso ta raɗa mini cewa ba su da iko, ka'ida ta hana su faɗin sunan majinyaci, lamba ce kawai a wurinsu. Na san ka'idar, a zamanmu ma an yi maganarta, kuma tana da amfaninta. Ni kuma tun da aka ɗaura mana aure bakina bai taɓa furta sunansa ba, ba a yi mini tarbiyyar haka ba. Na tsaya da abin magana a hannu, ɗaki cike da masu ilimi, babu mai iya faɗin sunan mutum ɗaya.

Sai Pam ya miƙe daga can baya. Ba shi da abin magana, ba ya buƙata, mutumin da ya saba magana a kan ƙarar zarto. Ya faɗi sunan, da na mahaifinsa, ya ƙara da cewa, "Tela, kasuwar Katako. Abokina ne. Ni na sha rabin." Ya zauna.

Sun tafa. Ni ba tafi na je nema ba. Na sauko na ce wa Pam mu tafi kafin mota ta yi wuya.

To 'yan'uwana mata, ga abin da na tsinta. In aka kira naki wani ɗaki, ki tashi ki bi shi, in an ce ki jira ki ce a tambaye shi ko yana son ki shiga. Kwalbar magani ta kwana inda idonki yake. Ki san wa yake ci da shi, wa yake jin kunyar hanawa. Ku kuma masu bincike, Allah ya saka muku, aikinku na da kyau. Amma mutumin da kuka rubuta a lamba ɗaya, ba shi kaɗai ba ne, akwai mutane rataye a jikinsa. Ku tambaye mu tun a bakin ƙofa, kar ku bari sai wani ya fasa goshi.

Takardar tana rataye a ɗaki. Keken ɗinkin na dawo da shi gida, yana zaure, ban sayar ba. Pam yana nan da ransa, yana shan ƙwayarsa guda cur, in ya zo sai ya nuna mini kwalbar kamar ni ce likitar. Har yanzu duk Juma'a yana zuwa. Ya tsaya a zaure mu gaisa, ya ciro goro ya tsaga, ya ci rabi, ya ajiye rabi a kan teburin keken. Na ce masa ya daina tara mini tururuwa. Bai daina ba, ni ma na daina faɗa.